Jan zare a wuyan kwalaben Gwaggo Marwa

Ka taɓa tsayawa ka ƙirga kwalba nawa mai man gyaɗa take ɗurawa a minti goma? Ni na ƙirga. Gwaggo Marwa, ƙanwar mahaifina, sha huɗu take cikawa, da ludayi kawai. Shekara talatin da ɗaya tana zaune a layin masu mai na kasuwar Sassumbrum. In ka miƙa mata mazurari sai ta ce na amare ne.

Bara da kaka karan gero ya soke ta a idon hagu. An kai ta likita, idon bai dawo ba. Da ta koma kasuwa sai mai ya riƙa bin gefen kwalba. Na zauna kusa da ita na ƙirga: cikin ashirin, bakwai sun zuba. Ɗanta Muttaƙa ya ce matarsa za ta karɓi wurin.

"Hannunki ya tsufa, Inna, ki huta."

"Hannun da ya tuƙa tuwon da ka lashe jiya?"

Suka tsaya a kan mako biyu. In ta cika ashirin a gabansa, ba ta zubar da fiye da ɗaya ba, wurinta na nan.

Ni aikina awon zaizayar ƙasa ne, kuma a ordinatata, wato kwamfuta, akwai wata manhaja da wasu suka riga suka horar da ita da hotuna miliyoyi. Saukewa kawai na yi. Ka ba ta hoto ɗaya tak, ta shafa wa abin da ke kusa fari, na nesa baƙi. Ba ta faɗin mita nawa, sai dai wanne ya fi kusa. Ranar Asabar na ɗauki hoton kayan Gwaggo har sha biyu. Ƙwarya ta fito, ludayi ya fito, amma a hotuna tara bakin kwalba ya narke cikin bangon da ke bayansa.

Ta leƙo. "Hafsatu, ita ma ido ɗaya gare ta?"

"Ɗaya, Gwaggo."

"Ba ta ga kwalbata ba?"

"Ta ɗauka bango ne."

"To ita ma hannunta ya tsufa ke nan. Maza ki gaya wa yayanki Muttaƙa."

A nan na gane hannun lafiyarsa lau. Gilashi ne ba ya ba ido ɗaya abin kamawa. Na rataya baƙin zane a baya, kuskuren manhaja ya sauko zuwa shida. Na naɗa jan zare mai kauri a wuyan kowace kwalba, zagaye biyar, ya sauko zuwa biyu. Gwaggo ta ce kwalabenta sun koma ƴan biki, amma ta karɓa.

Da ruwa muka yi gwaji kullum bayan la'asar. Ranar farko biyar suka zuba cikin ashirin, rana ta huɗu uku, sai aka tsaya a uku har kwana shida, raina ya soma ɓaci. Ita ta gano sauran da kanta: kafin ta karkata ludayi sai ta ɗan kaɗa kai dama da hagu, ta ga yadda zaren ke gocewa daga bango. Wannan manhajata ba ta iya ba, hoto ba ya motsi.

Ranar alkawari Muttaƙa ya zauna a turmi, hannu a haɓa. Kwalba ta sha bakwai ce ta zuba.

"Ɗaya ta zuba, Inna."

"Ɗaya muka ce. Tashi ka ɗaura mini jarka a moto."

Yanzu sha ɗaya take cikawa a minti goma, kuma ba ta son in faɗa.

Don Allah kai ma ka gwada yau. Rufe ido ɗaya, ka ɗura ruwa a kwalba sau goma, ka naɗa mata zare ka sake goma, ka rubuta nawa suka zuba a kowanne.