Zaren da Gwaggo Take Ɗinkawa

Gwaggona, ƙanwar babanmu, shekara ashirin da shida tana wanki a wani ƙaramin asibiti. In ka taɓa hannunta, sai ka ce bayan kada. Tana da wata dabara da babu wanda ya koya mata: kowane zanen gado sai ta ɗinka masa zare a kusurwa. Ja na ɗakin masu ƙuraje da tari ne, kore na ɗakin haihuwa. Baho daban, igiyar shanya daban, ko ana ƙarancin ruwa ja ba ya haɗuwa da kore.

Sai aka kawo sabon manaja, mai yawo da kwamfuta a hammata. Ya ce asibiti aikinsa magani, ba wanki ba. A ba wani kamfani kwangila, ya fi sauƙi, ya fi sauri. Ba zan ci haƙƙinsa ba: zannuwan suna dawowa farare fat, a goge, a kan lokaci. Bayan Gwaggo ma ya huta. To amma wa ya ce masa hutu take nema? Da takarda guda aka sallame ta, ko sannu babu. Ta tsaya bakin ofis don ta yi masa bayanin zaren, aka ce yana taro.

Su kuwa kamfani da suka ga zare, suka ce ƙazanta ce, suka tsintsinke, suka zuba komai cikin inji ɗaya. Kafin wata biyu jarirai uku sun feso da ƙuraje. Ungozoma ce ta gano, ta taso manaja a gaba har ƙofar gidanmu.

Ya durƙusa, yau Gwaggo ta zama Mama. Wai ta je kamfanin yini guda ta nuna musu. Aikinta fa? Ya ce kwangila ta riga ta ɗaure su.

"Ɗan nan," in ji ta, "ranar da na zo ba ka aikin nan kyauta, taro kake yi. Yau an tashi ke nan?"

Muka ce wallahi ko ƙofa kada ta taka. Ta harare mu, ta ce jariran ne suka kore ta? Ta je, ta nuna musu, ta dawo a ƙafa.

Ƙurajen sun baje. Gwaggo kuwa har yau tana gida. In motar kamfanin ta bi ta layinmu sai ta ja tsaki, ni kuma in taya ta.