Wasiƙar da ta ce wa'adin Baffa ya cika

Jiya ruwa ya dake ni a hanyar masallaci, da takardar asibiti a aljihuna. Da na ciro ta na ga tawadar ta narke, sai gabana ya faɗi kamar yadda ya faɗi wata ranar damina a gidanmu na Sanyinna, ina ɗan shekara goma sha ɗaya.

Lokacin Turawa ke mulki. Ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya tafi soja tun ana yaƙin Bama, ya bar matarsa da ɗiya guda a gidan. An ce yaƙi ya ƙare, amma shi shiru. Kakata kuwa duk baƙon da ya yi sallama sai ta leƙo.

Ni kaɗai ke karatun boko a gidan, a elemantare ta Tambuwal. Kakana malami ne, Larabci da ajami yake karantawa, kuma mutum ne mai son bin diddigin kalma. In na dawo hutu sai ya zaunar da ni a zaure in yi masa karatu, yana tsayar da ni. Shi ya gaya mini alƙalami da sabulu daga bakin Larabawa muka same su, ni kuma na gaya masa soja da likita daga bakin Turawa suke. Ranar ya yi dariya har da tari. Ban taɓa jin daɗin karatu kamar a zauren nan ba.

Wasiƙar ta zo ne a hannun wani ɗan kasuwa da ya taso daga Tambuwal zai wuce Kebbe. Ruwa ya dake shi a hanya, takardar ta jiƙe sharkaf. Aka taru a tsakar gida, aka miƙo mini. Na fara haɗa baƙaƙe. Layin farko gaisuwa ce. Na biyu na karanta shi da ƙarfi, don in nuna na iya: "Ana sanar da ku wa'adin ɗanku ya cika."

Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa. A garinmu ba a cewa wa'adin mutum ya cika sai in ya rasu. Kakata ta zube ƙasa tana salati. Matar Baffa ta saki ƙwaryar da ke hannunta, ta shige ɗaki. Kafin a jima maƙwabta sun fara shigowa, har wata tsohuwa ta ce a kwance wa matar Baffa kitso ta shiga takaba.

Kakana ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kowa shi dakata! Kai, mi ag gaba?"

"Malam, ruwa ya cinye," na ce ina kuka.

"To ba mu ji ƙarshen magana ba. Wa'adi Larabci na, asalinshi alkawari, lokacin da anka yanke ma abu. Ajali wa'adi na, aikin soja ma shina da wa'adi. Ba a yi ma ɗana zaman makoki kan rabin takarda."

Ya ce in adana takardar, gobe mu kai wa malaminmu na makaranta ya duba.

Washegari muka ɗauki hanyar Tambuwal, shi a kan jaki, ni a ƙasa, cikin taɓo da ƙanshin gero mai fitar da kai. Takardar na cikin hulata. Duk hanya ina tunanin da bakina na kashe Baffa. Malaminmu na makaranta ya ɗaga takardar ya haska da rana, ya daɗe yana dubawa. Abin da ya iya tsinta kalma biyu ne tak, "jirgi" da "kaka". Kakar girbi ake nufi, ko kakata ake wa gaisuwa? Ya ce bai sani ba, kuma ba zai yi mana ƙarya ba.

Haka muka zauna wata biyu, ba makoki ba murna. Matar Baffa ta daina sa lalle, amma kitsonta na nan. Kakata ta daina kallona ido da ido. Ni kuma na ɓoye littafina a bayan rumbu, ko taɓa shi ba na son yi. Kakana ne ya tono shi, ya kaɗe ƙasar, ya aje mini a cinya.

"Ba karatu yac cuce ka ba, gaggawa ta. Karanta."

Ana cikin yankan gero, wata Laraba da hantsi, wani ramamme ya yi sallama da akwatin ƙarfe a ka. Kakata ta leƙo kamar kullum. Wannan karon ba ta koma ciki ba. Da aka natsu aka ba Baffa labari, ya ce magatakardan barikinsu mutumin kudu ne, a bariki ya koyi Hausa, kuma duk wanda aka sallama haka yake rubuta wa danginsa. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Gida nawa ke nan anka yi kuka a banza?"

Yau babu mai jiran ɗan kasuwa ya kawo masa wasiƙa. Saƙo na shigowa waya a kowane lokaci, jikokina su karanta layin farko su tura wa duniya. Makon jiya ɗayansu ya shigo da gudu, wai an ce wani ɗan'uwanmu ya yi haɗari a hanyar Kebbe. Gida ya ruɗe. Na ce ya ba ni wayar, na sa tabarau, na sa yatsa a kan rubutun ina bi a hankali har ƙasa, su kuwa suna tsaye a kaina suna cewa in yi sauri.