Lamba Talatin da Bakwai

Shekara shida Seth Duckworth ya yi yana tsaron raga a ƙungiyar ƙwallon garinmu, har ranar da aka taka masa gwiwa ta tashi aiki. Ƙungiya ta sallame shi da "mun gode", ya ja ƙafa ya koma masaƙar Ashworth, inda ƙarar inji ta kurumtar da ubansa.

Bayan wata biyu kamfanin sigari ya fitar da katunan 'yan ƙwallo hamsin, ɗaya a kowane kwali, aka ce masa shi ne na talatin da bakwai. Ko sisi ba su ba shi ba. Abin haushin, a kwalin masu hali kaɗai ake sa katin, mai kara ashirin, wanda akawu da manaja ke sha. Talaka mai sayen kara biyar sai dai hayaƙi. Seth kuwa bai da hoton kansa ko ɗaya a duniya, don haka ya koma shan sigarin manya.

Abokan aiki suka samu abin yi. "Ranka ya daɗe, a kawo mota ne?"

Matarsa Hetty, da cikinta wata bakwai, ta gaji ta ce, "Seth, naman Lahadi fa kake ƙonawa."

"Ki bar ni, Hetty. So nake abin da ke cikinki ya ga ubansa a tsaye, ba wannan gurgun ba."

Haka ya ci hunturu. Katin wani ɗan wasan gaba mai gashin baki sau tara yana fito masa. Tari ya kama shi, agogon ubansa ya tafi jingina, Hetty na shan shayi ba madara.

Wata Asabar ya yage kwali a bakin murhu, sai ga lambar, ga sunansa ɓaro-ɓaro. Fuskar kuwa ta ɗan Ashworth ce, mai masaƙa, wanda ya taɓa tsaron ragar sau biyu don nishaɗi. Ranar da mai hoto ya zo, shi ya gani sanye da sabuwar riga, ya ɗauka shi ne Seth.

Hetty ta karɓa ta duba. Ta nufi murhu da shi, Seth ya riƙe mata hannu.

"Ɓoye shi," ya ce. "In yaron ya girma, ki ce masa ni ne."