Wifi cikin kwallata

'Yan uwa, ku matso ku ji abin da na gani yau!

Kwana uku rezo na intanet ya ƙi a gidanmu nan unguwar Bobiel. Ga ɗiyata Hadiza, yau ƙarfe sha biyu ake rufe karɓar dosiye ta intanet, wato takardun neman bursu, tallafin karatu. Tun safe tana yawo da waya sama kamar mai duban wata. Babanta ya ce, "Ƙila sojoji suka rage shi."

Na kira mai gyara. Ya ce, "Hajiya, ina buwat ɗin wifi?" Na duba bisa tabur inda akwatin yake zama, wayam! Ya bi igiyar kuran, ta lantarki, har bayan kujera. Ga shi cikin babbar kwallata, an rufe ruf!

Ashe Gwaggo ce, wadda ta zo daga Tawa tunda hatsi ya ƙi bana. Ta ce, "Abu mai tsada a fili, ga baƙi na shige da fice? Adana muku na yi."

Mai gyara ya ce ƙarfen kwallar ke tare rezo. Ya ciro buwat ɗin ya rataye shi a bango. Dosiye ya tafi saura minti goma!

Yanzu Gwaggo na zaune ƙarƙashinsa tana gadi, wai ko zane a lulluɓa masa. To wa zai ce mata a'a, ni ko ku?