Yatsu Biyu a Ƙarƙashin Ƙarfe

Yayana, wanda kowa ke kira Guduma, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wani ɗaki na ƙasan bene yana ɗaga ƙarfe, yana koya wa wasu. Ɗakin warin zufa da tsatsa yake yi. Akwai madubi mai tsaga a gefe, da benci biyu da shi ya ɗinke fatarsu da hannunsa. Tun rasuwar matarsa ni nake kai masa abincin rana, don haka na san ɗakin nan fiye da yadda nake so.

Abin da ya fi iyawa shi ne tsayawa a kan mutum. Idan wani ya kwanta a benci ƙarfe ya fi ƙarfinsa, hannu ya fara rawa, sai Yaya ya sa yatsu biyu a ƙarƙashin sandar ya tallafa, yana cewa, "Kai kaɗai ne, ban taɓa ba." Kowa ya san ba gaskiya ba ne. Amma mutum zai tashi da mutuncinsa, gobe ya dawo.

Ranar da aka ce masa yana da ciwon sukari, kunya ce ta riga tsoro kama shi. Ya ɓoye ƙwayoyin maganin da aka ba shi a cikin gwangwanin allin da suke shafa wa tafin hannu. Ya ce mini, "Ko a mafarki kada in ji maganar nan a bakin wani." Wai shi Guduma guda, a ce sukari ya kayar da shi.

'Yarsa ɗaya ce. Muna kiranta Likita, duk da ta gaji da gaya mana ita ba likita ba ce, a ɗakin bincike take aiki, ita da ɓerayen gwaji. Wata rana muna cin abinci ta ba mu labarin wani furotin da ke cikin tsoka. Idan tsoka ta yage, shi ne ke rugawa ya toshe wurin, kamar mai facin taya.

Ta ce, "Wasu masu bincike sun ce idan ya yi yawa yana hana insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, yin aikinsa, har ya jawo sukari. Wasu sun gwada ba su ga haka ba. Wasu ma cewa suke yana kare jiki. Har yanzu gardama ake yi, Baba."

Yaya bai ji gardamar ba. Rabin farko ya ɗauka ya sa a aljihu. Washegari na tarar da shi a tsakiyar masu ɗaga ƙarfensa, ya harɗe hannu a ƙirji yana shela: ai yana da sukari, amma nasa na masu ƙwanji ne, jikinsa ne ya cika gyara kansa, 'yarsa ma ta tabbatar. Mutumin da jiya yake ɓoye magani a cikin alli, yau ya mayar da ciwo lambar yabo. Na ce, "Yaya, ba haka yarinyar nan ta ce ba." Ya ce in tattara kwanukana in ba maza wuri.

Daga nan shan magani ya zama sai ya ga dama. Ana haka wani faifan ƙarfe ya suɓuce ya faɗa masa a babban ɗan yatsan ƙafa. A ɗakin nan ƙa'idarsu ita ce duk abin da ya yage zai haɗe ya fi da ƙarfi. Ya ɗaure da tsumma ya sa takalmi. Wurin bai yi masa zafi ba, sai ya ɗauka wannan ma shaida ce. Bai san sukarin ne ya kashe masa jin ciwo a ƙafar ba.

Ni hancina ne ya gaya mini. Warin ya bambanta da na zufa. Na kira Likita ta zo, ta durƙusa a gaban mutanensa ta cire masa takalmi ta zare safa. Yatsan ya yi baƙi, baƙin ya fara hawa. 

Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ba ke kika ce jikina yana gyara kansa ba?"

Ta ce, "Na ce ana gardama, Baba. Kuma a kan ɓeraye." Sai hawaye ya zubo mata, kamar ita ce ta saki ƙarfen. Mutanensa suka sunkuyar da kai, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ni kuwa na ji kunyar da yake ji har cikin ƙashina, haushinsa ma ya kasa fitowa.

A asibiti suka ce za su yi ƙoƙari ƙafar ta tsira, amma ba su yi alkawari ba. Aka cire yatsan da wani yanki na gefensa. Ƙafar ta tsira. Yaya ya juya fuska ga bango, ya ce duk wanda ya zo daga ɗakin ƙarfe a ce barci yake. Sun yi ta zuwa, suna zama a benci a waje, ƙattai da ledar ayaba a hannu, su gaji su tafi.

Da lokacin koyon tsayuwa ya yi, ma'aikaciyar jinya ta ce ya sauko daga gado. Ya dafa, ya yunƙura, hannun nan da ya saba ɗaga nauyin mutum biyu ya hau rawa. Likita ta matso, ta sa yatsu biyu a ƙarƙashin gwiwar hannunsa. Ya miƙe.

Ta ce, "Kai kaɗai ne, Baba, ban taɓa ba."

Ya daɗe yana kallon yatsun nata. Shi ya ƙirƙiro maganar, ya fi kowa sanin abin da take rufewa. Na ɗauka zai ture hannun.

Ya ce, "Na sani. Kada dai ki cire."