Ciyawar da Ba ta Raguna Ba

Duk sanda na ji ƙamshin ɗanyar ciyawa da aka yanke, sai Kakana ya faɗo mini a rai, shi da wani fili da ke bayan layinmu a Agege, dab da titin jirgin ƙasa.

Kada ka zaci wani abin kallo ne. Jar ƙasa ce da mangwaro guda, da damina caɓi, da rani tauri kamar daɓe. Amma nan ake raɗin suna, nan mata ke shanya barkono, nan muke 'yar gala-gala, nan Kaka ke ɗaure ragunan sayarwa in Babbar Sallah ta matso. Nan kuma ake sallar gawa, don masallacinmu ba ya ɗaukar jama'a. Kaka yakan nuna gindin mangwaron da sandarsa ya ce mini, "Amarya, nan za a shimfiɗe ni, inda aka shimfiɗe tsohuwata." Ni kuwa in ce, "To tsoho, ka dai bari in gama firamare." Da wasa nake, shi da gaske yake.

Da soja suka koma bariki farar hula suka hau, sai ga wasu ma'aikata da igiyar awo da turaku. Suka tara dattawa suka yi bayani da Yarbanci, wanda Kaka ke ji kamar Hausa. Wai gari yana cika, jama'a na buƙatar wurin shan iska. Za a shuka ciyawa, a sa kujeru, a yi 'yar hanyar tafiya. Dattawa suka dubi juna. Iska dai ga ta nan ana sha tun ba a haifi ma'aikatan ba. Hanyar kuma zagaye take yi ta dawo inda ta fara. Babana ya yi ta tambayar ina ta nufa, bai samu amsar da ta shige shi ba.

Ciyawar kaɗai Kaka ya gane. Mutumin da ya tsufa yana jiran harawa daga Arewa, a ce gwamnati ta shuka masa ciyawa a ƙofar gida! Ya ce lallai farar hula sun san darajar talaka. Shi ya hana mu takawa, shi ya sa mu jido ruwan rijiya muna ba ta. Da ta yi kore shar, ana gab da Sallah, ya kora ragunansa ciki da hantsi, ya hakimce a kujerar gwamnati yana jan carbi, yana sa wa masu mulki albarka.

Kafin azahar sai ga ogan ma'aikatan yana kumfar baki.

"Baba, wannan ba ta dabbobi ba ce!"

"To ta wa ce, yaro?"

"Ta kallo ce."

Kaka ya juyo ya dube ni, ko makaranta ta koya mana ciyawar kallo. Wallahi ni ma ban taɓa ji ba.

Ba a jima ba aka zagaye filin da ƙarfe, aka danna kwaɗo, wai sai wani babba ya zo ya buɗe. Babban bai zo ba.

Da damina Kaka ya rasu. Tun safe Babana yake neman mai mabuɗi, wannan ya tura shi wurin wancan, gawa kuwa ba ta jira. A bakin titi aka sallace shi. Ina leƙe ta tagar bene: sahu a karkace saboda kwata, motocin haya na danfo na ta hon, ga inuwar mangwaro can bayan ƙarfe a kan ciyawa, babu kowa. Na yi kukan mutuwar, amma kukan inuwar nan ya fi cin raina.

Yau shaguna ne a wurin, an sare mangwaron. 'Ya'yana a baranda suke wasa, ni ce ma yanzu nake fatan a yi mana wurin shan iska. Ashe ma'aikatan ba ƙarya suka yi ba, gari ya cika. Amma fili muna da shi, sai da aka gyara shi muka rasa shi, wannan ne na kasa ganewa.

Kwanan baya muna cikin keke mai ƙafa uku muka wuce wata ciyawa a bayan shinge. Autata ta ce, "Mama, ta wa ce?" Na buɗe baki zan amsa, sai na ji har yau ban sani ba.