Manuwar Baba ta Langa-langa

Surukina tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama, kuma taurin kai kam Allah ya ba shi. Da ciwon yanar ido ya makantar da shi, maigidana ya ɗauko shi daga ƙauye ya dawo da shi wurinsa a Dei-Dei. Likita ya ce aiki kaɗan ne, amma in aka bari ya daɗe, shi ke nan. Baba ya ce atafau ba mai sa masa wuƙa a ido. "Me ya rage ban gani ba? Tirelolin siminti?"

Na yi lallashi, na yi fushi, har kuka na yi masa. Ko a jikinsa.

Abu ɗaya ke kwance masa baki: manuwa. Haka yake kiran ƙaton jirgin ruwan yaƙin da ya raka nasu jirgin lokacin da Turawa suka kwashe su zuwa Indiya. Bai taɓa hawanta ba, daga nesa yake hangenta, toka-toka, da bututun hayaƙi uku da manyan igwa gaba da baya. Ya ce yaran ƙauye ne su, ba wanda ya iya iyo, amai kawai suke yi. Da safe kowa zai leƙa, in tana nan, to, sai tuwo ya shiga.

Maigidana mai walda ne, tankunan ruwa yake yi. Ya nemo hoton irin jirgin a waya, ya tattara guntayen langa-langa, ya ƙera wa mahaifinsa manuwa mai tsawon tabarma. Ni har gori na yi masa, na ce mutum da iyali ya koma wasan yara.

Baba ya sa hannu ya shafa ta tun daga kai har gindi. Can ya ja tsaki.

"Igwan nan sun yi gajarta. Kuma wane sakarai ne ya miƙar da bututun? A karkace suke!"

"Baba, a karkace na yi su."

"Ƙarya kake!"

Na ce, "To Baba, mu dai ga shi muna gani, kai lalube kake yi. Wa za a yarda da shi?"

Kai, ranar na sha zagi! Har abincina ya ƙi ci. Washegari sai ga shi da babbar riga da hula, wai a kai shi wurin likitan, zai kunyata mu.

Ranar da aka cire bandeji mun tafi da manuwar a bayan a-kori-kura, muka shigar da ita har ɗakin, nas-nas suna ta dariya. Maigidana ya ɗaga ta a gabansa. Baba ya ƙifta ido, ya ƙara ƙiftawa, ya sa hannu ya ture ta gefe. Ni yake kallo. Sai a lokacin na tuna bayan ya makance aka kawo ni gidan.

"Ke ce mai bakin nan?"

"Ni ce, Baba."

"Ashe 'yar firit ce ma. Matso, 'yata, in gan ki da kyau."